Neman gidan haya a Legas da kyanwa biyu: a gaya wa mai gida ko a yi shiru?

Maman Ihsan: Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. An sayar da gidan da muke haya a Agege, sabon mai gidan zai rushe ya yi sabon gini, an ba mu takardar tashi. Muna neman mini filat ko ɗaki biyu da falo a Agege, Ogba, Iju ko Abule Egba. Matsalar ita ce ina da maguna biyu, mace da muzuru, tun daga Kaduna muka taho da su, yara sun shaƙu da su ba kaɗan ba. Duk gidan da muka gani ya yi mana, da zarar na ambaci kyanwa sai ejan, wato dillalin gida, ya canza fuska. Wani ejan ya ce kada in ƙara faɗa, in biya kuɗi in shiga, bayan sati biyu a kawo su cikin kwali da daddare. Maigidana ya ce shi dai ba ruwansa, in na ga dama in bayar da su. Ya zan yi?

Ɗan Mile 12: Wa alaikumus salam Hajiya. Ejan ɗin nan gaskiya ya gaya miki. Wa yake zuwa neman gida a Legas yana lissafa abin da yake da shi? Mai gida ya tambaye ki yara nawa, ina mijinki yake aiki, wace jiha kuka fito, ki amsa abin da aka tambaye ki, ki yi shiru da sauran. Kyanwa ba ta haushi. Wa zai sani?

Anti Obalende: Kowa zai sani, Ɗan Mile 12. Kai da ba ka wuni a gida shi ya sa. A gidan yawa babu abin da yake ɓuya, har naman da ka saka a miya maƙwabta sun sani. Ranar da muzurun nan ya hau taga ya yi kuka da tsakar dare, kafin gari ya waye an kai wa kiyateka, wato mai kula da gidan, labari.

Kuma Maman Ihsan, akwai abin da ya kamata ki gane game da garin nan. Mu a Arewa mage abar gida ce, tana kwana a ƙafar tsohuwa, babu wanda ya damu. A nan akwai mutane da yawa, ban ce duka ba, da suke danganta kyanwa da maita, musamman baƙa. Na zauna da wata mata, mutuniyar kirki, muna cin abinci kwano ɗaya, amma in ta ga kyanwa a kan katanga sai ta hau addu'a tana yayyafa ruwa. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne da ta tashi da shi. Irin wannan in kika shigo mata da kyanwa a ɓoye, duk abin da ya samu ɗanta, ko zazzaɓi ne, ke za a kalla.

Maman Ihsan: Innalillahi. Macen kuwa baƙa ce wuluk, Anti.

Anti Obalende: To kin gani.

Alhaji Mai Gidaje: Bari in sa baki, tunda ni ina ɓangaren da ake zagi. Ina da ɗan gidan haya a Agege, gadon mahaifinmu, da wani a wajen Alagbado. Ni Musulmi ne, Bahaushe, ba na tsoron kyanwa, a gidana ma akwai. Amma a takardar yarjejeniyata an rubuta ba a ajiye dabba sai da izinina, kuma zan gaya muku dalili.

Na taɓa ba wani yaro ɗaki da falo, ma'aikaci, mai natsuwa. Ashe yana da muzuru uku, ba a yi musu fiɗiya ba. Da ya tashi, zarnin da ya bari a ɗakin nan fenti bai kashe shi ba. Sai da aka cire allon ƙasan ƙofa, aka canza ragar sauro ta kowace taga domin sun yayyaga ta, aka kankare bango aka sake shafe. Kuɗin koshan da ya ajiye, wato kuɗin ajiya na gyaran ɓarna, bai kai rabin aikin ba. Ɗakin ya yi wata da watanni babu kowa, duk wanda ya zo dubawa sai ya toshe hanci ya fita.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ban sani ba sai a ƙarshe. Da ya gaya mini tun farko, da mun zauna mun yi sharaɗi. Ɗan haya da ya ɓoye mini kyanwa, me kuma yake ɓoyewa? Ni in na kama mutum da wannan ba na faɗa da shi. Shekararsa na cika nake cewa ina bukatar ɗakina.

Ɗan Mile 12: Allah ya ƙara girma Alhaji, amma kai daban ne. Masu gida nawa ne a Legas za su zauna su yi sharaɗi da ɗan haya? Mutum goma na layi a kan ɗaki ɗaya da kuɗi a hannu. Kana cewa kyanwa an wuce ka, an kira na baya. Hajiya tana da yara, wa'adi yana matsowa. A kan titi za ta kwana saboda gaskiya?

Alhaji Mai Gidaje: In ta shiga da ƙarya, bayan shekara ɗaya ta sake biyan ejan, ta sake biyan lauya, ta sake biyan koshan, ta sake ɗaukar motar kaya, ta canza wa yara makaranta. Lissafa ka gani wanne ya fi tsada.

Barista: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga ofis.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda aka sa wa hannu zamanin Gwamna Fashola, ba ta ba ɗan haya wani haƙƙi na ajiye dabba ba, ba ta kuma hana shi ba. Abin ya koma kan takardar da kuka sa wa hannu. In an rubuta ba a ajiye dabba, kika sa hannu, kika kawo, kin karya sharaɗi, kuma karya sharaɗi yana cikin dalilan da mai gida zai iya zuwa kotu da su ya nemi gidansa. In takardar ba ta ce komai ba, kina da ƙafar tsayawa, sai dai dokar ta ambaci damun maƙwabta da ya wuce a jure shi a matsayin wani dalilin. Wari, kuka, kashi a tsakar gida, duk za a iya shigar da su nan.

Maganar da Alhaji ya yi ta ƙarshe ita ce ainihin haɗarin, ku lura da ita. Yawancin takardun da ake bayarwa yanzu na wa'adi ne tsayayye, shekara ɗaya daga rana kaza zuwa rana kaza. Irin wannan in wa'adi ya cika, mai gida ba ya bukatar ba ka notis na wata shida. Takardar kwana 7 zai ba ka cewa zai je kotu neman gidansa. Notis na wata shida da mutane suke taƙama da shi na ɗan hayar shekara-shekara ne, inda yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Na wata-wata kuwa wata ɗaya ne. Saboda haka mai gida ba ya ma bukatar ya ambaci kyanwa. Ya ƙi sabunta miki kawai.

Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya fitar da ke da ƙarfi, ko ya cire rufi ko ƙofa, ko ya turo 'yan daba su tsorata ki. Wannan laifi ne a dokar, tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata shida.

Shawarata: ki faɗa, kuma kada ki tsaya a kan "ba komai" na baki. A rubuta a cikin yarjejeniya: an yarda da kyanwa biyu, za su zauna a cikin ɗaki, ɗan haya zai gyara duk abin da suka ɓata. Layi biyu ne. In lauyan mai gida ya riga ya buga takarda, a ƙara da biro, ku duka ku sa hannu a gefen wurin. Amincewar ejan ba amincewar mai gida ba ce, ejan kamashonsa yake nema, ranar rigima wayarsa a kashe za ki same ta.

Maman Ihsan: Na gode Barista, Allah ya saka da alheri. Wani mai gida a Ogba ya ce zai yarda in na biya shekara biyu a dunƙule. Mu yi ƙoƙari mu haɗa?

Barista: Dokar ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma hana ɗan hayar biya. Ku biyun kun yi laifi ke nan, tarar naira 100,000 ko wata uku. Na san ana yi kullum, ba na musu. Amma ki duba ta wannan fuskar: kin zuba kuɗin shekara biyu, wata uku da shiga maƙwabta sun tayar da ƙura a kan kyanwa, zaman ya gagara. Karɓo ragowar kuɗinki aiki ne. Gara ki ce za ki ƙara wani abu a kan kuɗin koshan, a ba ki rasit daban, a rubuta cewa za a mayar in ba a ɓata komai ba. Sannan ki ɗauki hoto da bidiyon kowane ɗaki ranar da aka ba ki makulli, ragar taga da ƙofofi musamman.

Ga masu zama Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA, ku sani dokar 2011 ta cire waɗannan unguwanni daga cikinta.

Alhaji Mai Gidaje: Ƙarin koshan da rasit, wannan ni zan karɓa. Da haka 'yan haya suke zuwa da magana ai da ba a yi ta jayayya ba.

Dakta Oko-Oba: Ni ta ɓangaren dabbobin zan yi magana. Abin da ya faru da ɗakin Alhaji ba halin kowace kyanwa ba ne, halin muzurun da ba a fiɗiye ba ne. In ya balaga yana fesa fitsari a bango da ƙofa don ya shata yankinsa, kuma warin wannan fitsarin ya fi na kullum ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ne kuma mai fita yawo da faɗa da kukan dare. Macen ita ma in lokacinta ya zo tana kuka kamar jariri, muzuran unguwa su taru a bayan taga. Fiɗiya tana rage wannan sosai, an fi so a yi tun suna wata biyar zuwa shida, amma babba ma ana yi masa. Maman Ihsan, mace da namiji a ɗaki ɗaya ba a yi musu aiki ba, kin ce wa mai gida biyu ne, kafin shekara sun zama takwas. Wannan kaɗai ya isa ya rushe yarjejeniyar da Barista ya tsara.

Na biyu, allurar haukan kare. Kyanwa ma tana ɗauka tana kuma yaɗawa. Ana fara yi daga wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, a ba ki kati. Ma'aikatar gona ta jiha takan yi gangamin allurar kyauta, an fi yi wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Ki tafi da katin nan wajen mai gida. Mutumin da ya ga takarda da hatimin likita yakan sassauto, ya san ba kyanwar bola aka kwaso ba. In kuma tsautsayi ya sa ta yakushi ɗan maƙwabta ko ta cije shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti, katin nan shi zai kashe rabin rigimar.

Na uku, wanda ya fi kawo mini gawar kyanwa a garin nan: maganin ɓera da feshin ƙwari. A gidan yawa kowa yana zuba guba a lungu. Kyanwa ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma ta tafi. Ba sai wani ya yi niyyar kashe ta ba. In za a yi feshi a sabon gida, a yi kafin ku kawo su, a bar iska ta ratsa sosai. Kuma don Allah kada a ba kyanwa farasitamol, kisa yake yi.

Maman Ihsan: Dakta ba a yi musu fiɗiyar ba gaskiya. Ina jin tausayi ne, kuma ban san hukuncinsa a addini ba.

Malam Na Zango: Bismillah. Kyanwa dai tsarkakakkiya ce, hadisi ya zo cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wannan ya shafi masu cewa a kai su kasuwa a yar. Dabbar da ta saba da ɗaki, ka jefar da ita a bakin kwata a Legas, ba ka sake ta ba, ka kashe ta ne a hankali. In za a rabu da su, a nemi hannun da zai riƙe.

Fiɗiya kuwa malamai sun yi saɓani, akwai waɗanda suka ƙi, da yawa kuma sun yi sauƙi in akwai maslaha ko kawar da cuta, kuma ba a azabtar da dabbar ba. Yanzu da ake sa musu maganin barci a yi aikin, ni ban ga damuwa ba. Allah ne mafi sani.

Amma Ɗan Mile 12, maganar kwali da daddare, ka janye ta. In an rubuta sharaɗi ka sa hannu, alkawari ne, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Mu baƙi ne a garin mutane. Bahaushe ɗaya ya yi wa mai gida wayo, goma na bayansa za a hana ɗaki.

Ɗan Mile 12: Allah ya gafarta Malam, ai tun kafin kyanwa ake hana mu. Sau nawa ejan yake ce mini mai gida ba ya son ɗan Arewa, ko ba ya son gwauro? Wanda ake nema wa dalili, shi za a ce ya kawo wani dalilin da hannunsa?

Malam Na Zango: Zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka yaudarar wani da bai yi maka ba.

Ɗan Mile 12: Na ji Malam. Amma in takardar ba ta ambaci dabba ba, kuma ba a tambaye ni ba, ni dai ba zan ɗaga hannu in kai ƙarar kaina ba. Barista ma ya ce akwai ƙafar tsayawa.

Barista: Na ce akwai ƙafar tsayawa a kotu. Ban ce za a sabunta maka haya ba.

Tsohon Soja Ikorodu: Ku masu kyanwa kuna cikin daɗi ba ku sani ba. Ku tambayi mai kare. Ina da Jaman Shefad guda, na gadi, saboda inda nake sai da shi. Lokacin da nake neman gida, a cikin gari ko saurarona ba a yi. Rukunin gidaje masu geti na wajen Ajah kuma, mai gida ya yarda, sai ƙungiyar mazauna ta fito da nata kundin: ba a fita da kare sai da igiya, wasu nau'o'in ma ba a yarda da su ba sam. Wato izini biyu kake nema, na mai gida da na ƙungiya. Duk mai shiga irin waɗannan wurare ya nemi dokokin ƙungiya ya karanta kafin ya biya, ejan ba zai nuna maka ba.

Abin da ya fisshe ni shi ne na daina neman gidan da zan raba tsakar gida da kowa. Na fita Ikorodu na samu ƙaramin gida shi kaɗai da katangarsa, mai shi yana ƙasar waje. Da na ce ina da kare murna ya yi, ya ce ko banza a daina tsallaka masa katanga ana kwance famfo. Kuɗin mota ya ƙaru, ina kuma tashi da asuba saboda go-sulo, amma babu mai buga mini ƙofa.

Ƙanwata, ki sauya inda kike nema. Ki nemi bene na sama, ko boyis kwata, wato ɗan ginin bayan gida, mai ƙofarta daban, ko gidan da mai shi ba ya zaune a ciki. Gidan da Baba mai gida yake zaune a ƙasa yana kallon mai shiga da fita, ki bar shi ko da kyauta ne.

Anti Obalende: Ni kuma da na ce ta tsaya cikin 'yan uwa. Zangon Agege, Idi-Araba, wajen Alaba Rago, inda masu gidan Hausawa ne ko Yarbawan da suka saba da mu shekara da shekaru. A nan wa zai tsaya yi miki tambaya a kan mage, mutanen da suke ɗaure rago a ƙofar gida tun watan Zulƙida? Kuma ba ta hannun ejan ake samun irin waɗannan ba. Maigidanki ya yi magana a masallaci bayan sallar isha, ya gaya wa masu shayi da masu gadi na layin. Su suka san ɗakin da za a tashi kafin a kafa allo.

Tsohon Soja Ikorodu: Gaskiya ne Anti, sai dai ɗakunan can a matse suke, ga yawan jama'a, ga gubar ɓeran da Dakta ya faɗa. In suna iya fita kaɗan, tunda jirgin ƙasa na Red Line ya fara aiki a 2024, daga Agbado yana tsayawa Iju, Agege, Ikeja har Oyingbo, zama a Iju ko Agbado bai zama nisa kamar da ba.

Barista: A kula dai, Agbado, Akute, Sango Ota, Mowe da Ibafo Jihar Ogun ne. Duk abin da na faɗa a sama na dokar Legas ne, ba ya tsallaka iyaka. Kuma duk ejan da za ki ba kuɗi, ki tambaye shi ko yana da rajista da LASRERA, hukumar jiha mai kula da dillalan gidaje. Kada ki tura kuɗin haya asusun ejan kafin ki ga mai gida ido da ido. Wanda yake cikin matsi irin naki shi 'yan damfara suka fi so, za su ce miki ga gida an yarda da kyanwa har da kare, ki biya yau kafin wani ya riga ki.

Alhaji Mai Gidaje: Maman Ihsan, ɗakunana duk da mutane, da na duba miki. Amma akwai wani abokina a wajen Iju da yake da filat a sama, ɗan hayarsa zai tashi ƙarshen wata. Zan yi masa magana. Sharaɗina ɗaya, a kai muzurun nan wajen Dakta tukuna, ba zan kai wa aboki abin da ni na sha ba. Maigidanki ya neme ni ta akwatin sirri, magana tsakanin maza ta fi sauri.

Maman Ihsan: Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara arziki. Zan gaya masa yau in ya dawo. Dakta, in an yi aikin kwana nawa suke warkewa? Kada ya haɗe da ranar kwashe kaya.

Dakta Oko-Oba: Namiji kwana kaɗan ya miƙe. Mace aikin ciki ne, ki ba ta kwana 10 zuwa 14. Ki yi yanzu tun kuna tsohon gida. In kun koma, ki kulle su a ɗaki ɗaya da abincinsu da kwanon yashinsu, kada su leƙa waje na sati biyu aƙalla, in ba haka ba za su kama hanyar tsohon gida. Yashin a kwashe kullum. In kuma akwai mai juna biyu a gidan, ba ita za ta riƙa kwashewa ba.

Sarkin Tattabaru: Jama'a tunda an buɗe wannan babi, ni fa tattabaru ne da ni, sun kai talatin, a kan rufin gidan da nake haya a Mushin. Mai gida bai taɓa magana ba tsawon shekaru, yanzu ɗansa ya karɓi gidan ya ce kashinsu yana cin kwano yana toshe indararo, in kwashe su cikin sati ɗaya. Babu wata takarda tsakaninmu, da baki muka yi da marigayin. Barista, ina da magana?

Barista: Rashin takarda bai hana ka zama ɗan haya ba, dokar ta san yarjejeniyar baki, kuma ba zai fitar da kai cikin sati ɗaya ba. Amma ɗaki ka kama, ba rufi ba. Ka je Cibiyar Sasanci ta Jama'a da ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha, kyauta suke zama da mai gida da ɗan haya, wataƙila a samo maka lokaci ka nemi inda za ka mayar da su. Rasit ɗin kuɗin hayarka na hannunka?

Sarkin Tattabaru: Marigayi a bango yake rubutawa da alli.

Alhaji Mai Gidaje: To ka yi sauri ka ɗauki hoton bangon kafin yaron ya yi fenti.